Tafiyar Kaka a Takarda Arba'in da Takwas

3 ga Maris

Zuwa ga Goggo, uwar teloli, mai almakashin da bai taɓa neman gafara ba,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, wadda da za a auna ta da tef ɗinki sai tef ya ƙare ita ba ta ƙare ba, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, da ke da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Mu a nan sai godiya. Mama tana gaishe ki. Hawan jininta ya sauka ƙwarai, ba ya tashi sai in ta leƙa ɗakina.

Kada ki wahalar da kanki wajen tuno mai wannan rubutu. Ni ne ɗan marigayi ɗan'uwanki malamin makaranta, jikan wan mahaifinki, wato Kaka mai gyaran keken ɗinki. Rabonki da ni tun ina ɗan shekara tara, ranar da na ɗauki allin awonki na zana akuya a kan yadin wata mata, sannan na tsaya na yi jawabin kare kaina har kika sa mini suna Dogon Turanci. Ina farin cikin sanar da ke cewa sunan yana nan da ransa, har ya yi ƙiba.

A halin yanzu ni ne Babban Darakta, kuma Shugaban Sashen Zane, kuma mai shara, na wani kamfanin shirya finafinai wanda hedikwatarsa take tsakanin gadona da ƙofa. Ma'aikatanmu biyu ne: ni da wata abokiyar karatuna da muke kira Mai Sauti, domin ita ke sa wa fim murya da ƙara. Da rana kuwa ina saukowa daga wannan kujera mai daraja in tafi wani shagon buga takardu, inda nake tsara wa jama'a katunan gayyata da kalanda.

Sana'ar tawa ita ce fim ɗin zane. Ina da tebur da na haɗa da gilashin tsohuwar taga, da kwan lantarki a ƙarƙashinsa. Ina zana mutum a takarda, in ɗora wata a kai, haske ya nuna mini na ƙasa, in sake zana shi ya ɗan gusa kaɗan. Takarda goma sha biyu ke ba da sakan ɗaya. Idan kyamara ta ɗauke su bi da bi, sai mutumin ya motsa kamar mai rai.

Shekara biyu ke nan ina yin wani gajeren fim na minti shida a kan Kaka. Kwamitin wani taron nuna gajerun finafinai ya ga rabinsa, ya ce in na kai shi cikakke kafin ƙarshen Afrilu za a nuna shi. A gefe guda kuma mai shagonmu yana so ya mai da ni cikakken ma'aikaci, safe zuwa yamma har da Asabar. Na yi wa Mama alkawari a gaban shaidu, wato ita da buta, cewa in fim ɗin nan bai fita ba zan karɓi aikin in naɗe teburin gilashi.

Ga buƙatata. Fim ɗin zai ƙare ne da Kaka yana tafiya a kan layi, sakan huɗu cur. Ni ban taɓa ganinsa ba. Hotonsa ɗaya ne a gidanmu, a zaune. Mama kuma ta shigo dangi bayan rasuwarsa, amma ta ce ke ce kike bin bayansa gida-gida da gwangwanin mai tun kina ƙarama. Saboda haka wannan kamfani yana roƙon alfarmar ki bayyana masa, dalla-dalla, yadda Kaka yake tafiya.

Ɗanki mai biyayya a mafi yawan lokuta,
Dogon Turanci

11 ga Maris

Ɗana Dogon Turanci,

Na amsa sallama. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a zama biyu, don a tsakiya sai da na tashi na sha magani. Lafiyata ƙalau. Gwiwa tana nan da halinta, kunne kuwa ya yi ritaya ya bar ni ina aiki. Kada ka ce za ka buga mini waya. Tana cikin aljihun tebur tare da maɓallai, ko ta yi kuka ba na ji. Ka gaida mamarka, ka ce ina taya ta haƙuri da kai.

Na tuna ka sarai. Mai yadin ma ba ta manta da kai ba har ta koma ga Allah.

Bayanin sana'arka na bi shi sau biyu. Abin da na gane shi ne kana zane, kuma ba ka yi aure ba.

Gaskiya ne, shekara shida ina bin bayan Baffa, wato kakanka. Akwatin kayan aiki a hannun dama. In keke ya ƙi gyaruwa a gidan masu shi, sai ya kwance kan keken ya saɓa a kafaɗar hagu mu tafi da shi shago. Ba ya sauri, ba ya waiwaye, in na tsaya kallon wani abu sai dai in biyo da gudu. Akwai wani abu a tafiyarsa wanda ko daga ƙarshen layi na hango shi na san shi ne. Na ɗauki biro na ajiye sau uku, na rasa yadda zan rubuta maka shi. Ba ɗingishi ba ne. Kada ka kuskura ka sa wa Baffa ɗingishi, dangi ba za su yafe maka ba.

Gani ya kori ji. Ka turo abin da ka zana in duba. Maƙwabcina direban motar kaya yana shiga garinku kowace Asabar, yana sauke kaya a bayan babbar tasha. Ka ba shi, ba ya buɗe kayan mutane, ba ya kuma jira.

Goggonka

22 ga Maris

Goggo, ga Kaka nan. Direba yana ta danna hon. Cikakken bayani yana tafe ta gidan waya.

D. T.

26 ga Maris

Ɗana,

Bayan gaisuwa, kwali ya iso lafiya, ko kusurwa bai lanƙwashe ba. Mu duka lafiya. Yaya Babba, yayar mahaifinka, an sallamo ta daga asibiti, jiki da sauƙi, sai dai ido ya ƙara rauni.

Allah ya yi maka albarka. Da na ɗaga murfin na ga fuskar Baffa, sai da na zauna. Shekara talatin da wani abu rabona da ita. Hancin nan, da yadda yake tura hula baya, duk ka kawo su. Na ɗaga na farko na ga wani a ƙasa, na ɗaga shi ma na ga wani, har arba'in da takwas. Na ce yaron nan surutu ne da shi amma ya san zumunci, ya zauna ya ƙirga gidajen dangi ya yi wa kowa nasa. Na lura ba su zo daidai da juna ba, a wani ƙafa tana sama a wani tana ƙasa, na ce ai aikin hannu ne ba na inji ba, ba za a rasa bambanci ba.

Gyara ɗaya na yi maka. Kowace takarda tana da huji uku a sama kamar ɓera ya ɗanɗana, ga wasu ƙananan lambobi a gefen hujin. Ba a ba mutum kyauta da huji. Na tara su na sa almakashi na daidaita musu kai, suka fito tsaf, kowane firam zai ɗauke su.

Ranar Lahadi dangi suka cika gidan Yaya Babba wajen dubiya, sai na tafi da kwalin. Da ka ga abin da ya faru da ka ji daɗi. Har waɗanda ba sa ga maciji da juna sai ga su kai a haɗe suna gwada nasu. Masu 'yan'uwa a wasu garuruwa sun karɓar musu. Yaya Babba ta kai nata dab da ido ta daɗe tana dubawa, sannan ta sa aka jingina mata shi kusa da gado.

Garin rabo ni ban samu ba. In akwai saura a wajenka, ka turo mini ɗaya.

Bayanin da ka ce yana tafe bai iso ba tukuna. Kada ka damu, kyauta ba ta buƙatar bayani.

Goggonka

2 ga Afrilu

Zuwa ga Goggo,

Bayan gaisuwa, ina taya mu murnar samun sauƙin Yaya Babba. Mama lafiya. Game da tawa lafiyar, kamfani bai fitar da sanarwa ba tukuna.

Wasiƙarki ta same ni a tsaye ta bar ni a zaune a ƙasa. Na karanta ta sau uku ina fatan a karo na gaba za ta sauya ra'ayi.

Goggo, abin da ke cikin kwalin nan ba kyauta ba ne. Shi ne ƙarshen fim ɗina. Takardun nan arba'in da takwas taku huɗu ne na Kaka, sakan huɗu, aikin mako biyar. Bambancin da kika gani kika yi mini uzuri a kansa, shi ne tafiyar. Hujin da kika ce na ɓera ne, da shi nake saƙala kowace takarda a kan ƙusoshin tebur domin ta zauna daidai inda 'yar'uwarta ta zauna, in ba haka ba mutum zai riƙa rawa a fim kamar mai zazzaɓi. Lambobin kuwa su ke faɗa mini wace ke bin wace.

Za ki ce ai ina da kwafi. Ba ni da shi. Mai Sauti ta ce in ɗauke su da kyamara kafin in ba direba. Na miƙe tsaye na yi mata lacca cewa Babban Darakta ba ya ɗaukar abin da masana ba su tantance ba. Za ki kuma ce ina bayanin. Ranar Asabar ɗin da na aiko kwalin ina shafi na biyar direba ya fara hon, ban ko iso wajen maganar huji ba. Na ƙara kwana huɗu ina goge shi, domin na ga buɗewar ba ta kai darajarki ba. Shafi bakwai ne. Ina jin yanzu yana hanya, yana tafe a hankali kamar mai zuwa ta'aziyya.

Saura mako huɗu. Ko na daina cin abinci ba zan sake zana su a kan lokaci ba, ga sauran aikin haɗa fim yana jira. Mai shago ba zai sake ni in zo ba, kuma ko na zo ban san ƙofar gida ko ɗaya ba.

Ba hoto arba'in da takwas kika raba ba, Goggo. Mutum ɗaya ne, kika sa almakashi kika yanka shi gunduwa-gunduwa kika raba wa dangi. In akwai abin da za a iya tattarowa, ina roƙo. In babu, ki sanar da ni in san ranar da zan naɗe tebur.

Dogon Turanci

14 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaishe ki. Ina fatan gwiwa da sauƙi. Mu lafiya.

Kwana goma sha biyu ke nan babu amsa. Asabar biyu ina zuwa bayan tasha. Direba ya ce ƙofarki a rufe take, kwana da kwanaki bai ji ƙarar kekenki ba. Na san abin da ya rufe ta.

Na gaya wa Mama abin da na rubuta miki, kalma da kalma, ina tsammanin za ta ce ina da gaskiya. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Matar da ta bi bayansa shekara shida kake ce wa ta yanka shi?" Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ni kuma na koma ɗaki ba tare da jawabi ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidanmu.

Laifin nawa ne. Ke kin ga fuskar Baffanki kin yi abin da mai zumunci yake yi. Ni ne na aiko da aikin mako biyar da layi biyu, na riƙe shafi bakwai ina yi musu kwalliya. Ki yafe mini. Ko takarda ɗaya ba ta dawo ba, ki yafe mini, ki rubuto ko da zagi ne.

Na fara sake zanawa. Na yi goma sha ɗaya. Mai Sauti ta duba ta ce wannan ba mai gyaran keke ba ne, soja ne ya makara fareti. Gaskiyarta. Na gaya wa mai shago zan ba shi amsa ranar ɗaya ga Mayu.

Ɗanki

18 ga Afrilu

Dogon Turanci,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa ta kumbura, kuma kai ne sanadi. Ka buɗe kwalin nan a hankali, kada ka taɓa jerin sai ka gama karanta wannan. Ka ga yadda ake yi: takarda da kaya a tafi ɗaya.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso, mai shafi bakwai da mai zafin. Allah ya taimake ka na fara da doguwar. A shafi na shida na gane abin da na aikata, na ajiye na kama kai. Da na karanta ɗayar ban yi mamaki ba. Maganar yanka ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, kwana biyu ina juya ta a cikin mota. Amma mahaifinka ma haka yake, in ransa ya ɓaci sai ya yi magana mai kyan tsari wadda zai yi shekara yana nadamarta. Ta ban haƙurin ta iso jiya. Na yafe tun kafin ta iso. Ban rubuto ba ne saboda mai zaman rubutu ba ya kan hanya.

Gida talatin da ɗaya na shiga, a gari uku. Ɗaya na same shi a shagon aski, an manna shi a saman madubi. Ɗaya an ɗora masa kofin shayi, za ka ga zobe kusa da gwiwa, ka san yadda za ka yi da shi. Wani ƙanena sai da ya sa na rantse za a dawo masa da nasa, daga nan kowa ya ce shi ma haka. Na ɗauki alkawari da sunanka. Kusan kowa ya ba ni saƙon gyara, na rubuta a bayan takardarsa. Wai hannun akwatin na igiya ne ba ƙarfe ba. Wannan gaskiya ne. Wai ya fi haka tsawo. Wannan ƙarya ce, su ne suke ƙanana a lokacin.

Maganar huji kada ta hana ka barci. Inci ɗaya da kwata na cire daga saman kowace, ba ƙari ba ragi, shekara arba'in ina yanka ban taɓa cin awo ba. Ƙasa da gefe ban taɓa su ba. Ka kafa katako biyu a teburinka su yi kusurwa, ka riƙa tura kowace takarda ciki, za su zauna a kan juna kamar an haife su tare.

Jerin kuma na yi shi a teburin yanka, kwana uku. Ban san lambobinka ba, amma tela ta san yadda riga take bin ƙafa. Na bi bakin rigar da lilon akwatin har kowace ta sami maƙwabciyarta.

Arba'in da bakwai ne. Yaya Babba ta hana nata. Na yi mata bayanin fim, na yi na alkawarinka da mamarka, tana ji. Sai ta ɗora hannu a kan firam ɗin ta ce, "Sau ɗaya aka fitar da shi daga gidan nan ina kallo. Ba za a yi na biyu ba." Na tashi na yi mata sallama. In kana da bakin da zai amsa wannan, ka zo da kanka.

Na dawo gida raina a jagule, ina tunanin na kawo maka riga ba hannu ɗaya. Na tara su na riƙe gefe na sake su da babban yatsa, yadda ka kwatanta a shafi na bakwai. Sai ga shi yana tafiya a hannuna. Taku na farko mai kyau ne, sumul, amma wani mutum ne daban ya ari fuskar Baffa. Da aka iso gurbin takardar Yaya Babba, sai ƙafar hagu ta riga lokacinta sauka, kafaɗa ta ɗan nutse ta taso. Ɗana, shi ne. Abin da na kasa rubuta maka ke nan. Shekara talatin yana saɓa kan keke a kafaɗar hagu, har ƙafar ta saba saurin kai ƙasa, ko ba ya ɗauke da komai. Na yi ta sakewa ina maimaitawa har yatsana ya yi ja. Abincin da na ɗora ya kama.

Don haka kada ka zana wadda ta ɓace. Kuma takun hagu na biyu ya cika santsi. Na sa jan zare a kan takardar da za ka cire a can, don su zo daidai. Kai ne darakta, amma ni na bi bayansa.

Saura kwana goma sha ɗaya in kwalin ya same ka. Kada ka ba ni amsa sai ka gama. Na san ka.

Goggonka

10 ga Mayu

Zuwa ga Goggo, uwar teloli, Babbar Mai Binciken Tafiya ta wannan kamfani,

Bayan sallama da gaisuwa, wadda a wannan karon na auna ta inci ɗaya da kwata ba ƙari ba ragi, ina fatan gwiwa ta sace, kuma ta karɓi ban haƙurin hukumar gudanarwa. Mama lafiya, tana gaishe ki da babbar murya saboda kunne. A gaida Yaya Babba, a ce mata kamfani ya janye ƙararsa har abada.

Na bi umarninki na yi shiru, wanda shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi a harkar fim. Amma wajibi ne in amsa wani laifi. Ban yarda da ke nan take ba. Na zauna na zana wadda ta ɓace, na ɗauki tafiyar iri biyu, cikakkiya da mai giɓi, na nuna wa Mai Sauti ban gaya mata komai ba. Ta kalli ta farko ta ce ba laifi. Ta kalli ta biyu, sai ta tambaye ni me mutumin nan ya daɗe yana ɗauka a kafaɗa. A nan Babban Darakta ya cire hularsa. Na cire takarda mai jan zare, na mai da hannun akwati na igiya a duk sauran, na goge zoben shayi gwargwadon iko. Katako biyun sun yi aiki, ko gezau Kaka bai yi ba. Mai Sauti ta zuba sukudireba da ƙananan ƙusoshi a gwangwani, ta sa su yi ƙara ɗaya daidai inda ƙafar hagu take sauka. Mun miƙa fim ranar ashirin da tara, da saura kwana ɗaya, abin da masana tarihi za su yi ta muhawara a kansa.

An nuna shi shekaranjiya da yamma. Zauren bai cika ba, kada in yi miki ƙarya, amma layin gaba ya cika da Mama. Fim bakwai aka nuna, namu ne na biyar. An yi dariya inda na so a yi, an kuma yi a wani wuri da ban shirya ba, na karɓa duka. Da aka zo sakan huɗun ƙarshe, sai zauren ya yi tsit, har ina jin ƙarar fanka. Wani dattijo a bayana ya ce wa na kusa da shi, a hankali, babansa ma dako ya yi.

Bayan an tashi, wata mata mai ɗakin shirya finafinan yara ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce ta ga masu zane da yawa da suka iya sa mutum ya yi tafiya, amma ba kasafai take ganin wanda ya san abin da zai cire ba. Ta tambayi makarantar da ta koya mini. Na buɗe baki zan yi jawabi, Mama ta taka mini ƙafa, sai na ce goggona ce, tela. Ta ba ni gwajin wata uku, in shirya mata gajeren fim ɗaya da hannuna. Ba kujerar dindindin ba ce, kuma ta gargaɗe ni cewa ba ta son dogon bayani, ban san wanda ya kai mata rahotona ba. Mai shago ya yarda in riƙa zuwa kwana uku a mako. Mama ta yanke hukunci cewa teburin gilashi zai ci gaba da zama, bisa sharaɗin a riƙa share ƙarƙashinsa.

A cikin kwalin nan akwai arba'in da shida, kyamara ta gama da su. A mayar wa kowa nasa kamar yadda kika yi alkawari da sunana, mai aski ya mai da shi saman madubi. Ban da gaggawa, a bari gwiwa ta huce tukuna. A ƙarshen fim, inda ake jera sunayen ma'aikata, an rubuta: Gyaran tafiya, Goggo. Yana sama da sunan mai shara.

Akwai kuma ambulan daban. Kin ce garin rabo ba ki samu ba, in akwai saura in turo miki. Saura ɗaya ce, mai jan zare, ban cire zaren ba. Mai ita a ba shi sabuwar da na zana, na ƙara ta a ƙasan kwalin. Ita da ta Yaya Babba kaɗai ne ba su shiga fim ba, kuma rashinsu ne ya sa Kaka ya yi tafiyarsa. Ba ta buƙatar almakashi, an riga an daidaita mata kai.

Direba yana ta danna hon. Wannan karon na ce ya jira.

Ɗanki,
Dogon Turanci